Amsa: me ke sa mahayi ya gagara a tseren kai da agogo?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: a tseren keken da ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa shi da agogo, me ya sa 'yan tsiraru ne kullum ke lashewa, alhali manyan zakarun tseren ayari, wato wanda ake sakin kowa lokaci ɗaya, sau da yawa sai a ga sun yi laushi? Na ga wasu sun ce maka ƙarfin ƙafa ne, wasu sun ce tsadar keke. Kowanne da ƙanshin gaskiya, amma na daɗe ina hawa, kuma mukan yi irin wannan gwaji da abokan hawana, a saki mutum duk bayan minti ɗaya. Abin da na gani shi ne mai nasara ba lallai ya fi kowa ƙarfi ba. Shi ne wanda zai iya fitar da kusan duk ƙarfinsa alhali yana duƙe, a takure, kuma ya raba ƙarfin nan daidai har layin ƙarshe.

Fara da iska, don ita ce abokiyar gaba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya haura kilomita 40 a awa, fiye da kashi 80 cikin ɗari na wahalar da kake sha ta keta iska ce, kuma jikinka ne ke tare mafi yawanta, ba keken ba. Lissafinta ma ba shi da tausayi: tashi daga 40 zuwa 50 a awa yana cin kusan ninkin ƙarfin da kake kashewa a kan iska. A tseren ayari kana iya laɓewa a bayan wani ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin, ka adana ƙarfi sai wurin da ake buƙata. A nan doka ta hana laɓewa. Ba bayan kowa, sai ƙirjinka.

Shi ya sa ranar ƙarshe ta Tour de France na 1989, babbar gasar keke ta Faransa, wadda a ranar aka yi tseren kai da agogo, har yau ake ba da labarinta. Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da sakan 50, saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. Kusan kowa ya ce tazarar ba za ta goge a ɗan wannan nisa ba. LeMond ya ɗaura ƙarin sanduna a kan kekensa, waɗanda ke haɗe hannuwa wuri ɗaya a gaba, ya sa hular kwano mai tsini ta baya. Fignon ya fito kai ba hula. LeMond ya fi shi da sakan 58 a ranar, ya ɗauke gasar makonni uku da sakan 8 kacal. Tun daga nan ba wanda ya sake raina zama a kan sirdi.

Amma a nan mutane ke ɓata. Duƙawa ba kyauta ba ce. Idan ka sunkuyar da ƙirji, ka matse kafaɗu, ka cusa kai tsakaninsu, cinya tana matso ciki, numfashi ya takura, ƙarfin da kake bai wa feda ya ragu. Kowa zai iya yin zaman nan na minti biyu don a ɗauki hoto. Riƙe shi minti arba'in ko hamsin, wuya na zafi, gindi na zamewa gaban sirdi, ba tare da ka ɗago ko sau ɗaya ba, wannan shi ne sana'ar. Tony Martin na Jamus, wanda ya ci kambun duniya na wannan tsere sau huɗu, har takarda mai kaushi ya taɓa mannawa a sirdinsa don kada ya zame, ta cinye masa wando da fata a gasar duniya ta 2015. Ƙwararru kan shafe sa'o'i a ɗakin gwajin iska ana matsar musu da gwiwar hannu santimita ɗaya, sannan su koma titi su yi watanni suna horar da jiki ya saba.

Batun girman jiki kuwa, da an ce sai ƙato. Miguel Indurain na Sifen, mai Tour biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, dogo ne mai jiki; a tseren kai da agogo na Luxembourg a 1992 ya bai wa na biyu tazarar minti uku a kilomita 65. Filippo Ganna na Italiya ma ya haura mita 1.9, kuma a Oktoban 2022 ya yi kilomita 56.792 cikin awa ɗaya a filin Grenchen na Suwizalan. Dalilin a fili yake: a shimfiɗe nauyi ba ya cutarwa sosai, kuma ƙarfin ƙato yana ƙaruwa fiye da faɗin da yake nuna wa iska. Sai ga Remco Evenepoel na Beljiyam, ɗan gajere da bai wuce mita 1.71 ba, ya ci kambun duniya a 2023, 2024 da 2025, da zinaren Olamfik a Paris. Ƙarfinsa bai kai na Ganna ba, amma idan ya dunƙule a kan keke iska ba ta samun inda za ta kama.

Kigali, babban birnin Ruwanda, ma ta amsa tambayarka da kanta. A Satumban 2025, karon farko da aka kawo gasar duniya ta tseren titi Afirka, a tseren kai da agogo an saki Tadej Pogačar na Sloveniya, babban zakaran tseren ayari, minti biyu da rabi kafin Evenepoel, amma Evenepoel ya cim masa ya wuce shi kafin layi. Bayan mako guda, a garin dai, a tseren ayari, Pogačar ya ci, Evenepoel ya zo na biyu. Mutum biyun nan dai, ƙafafuwan nan dai.

Sai rabon ƙarfi, wanda a wurina shi ne ya fi wuyar koyo. Duk sabon da ya shigo gwajinmu abu ɗaya yake yi: minti biyar na farko ya fita kamar an biyo shi, don ƙafa sabuwa ce ba ta jin komai, kafin rabin hanya ya zama abin tausayi. Akwai wani iyaka a jikin kowa. Ƙasa da shi kana iya daɗewa, sama da shi bashi kake ci, kuma jiki ba ya yafe bashi. Gwani yana tafiya a bakin iyakar nan, bai faɗa ba bai ja baya ba. Kuma ba wai ƙarfi ɗaya zai riƙe tun farko har ƙarshe ba: yana ƙarawa a hawa da inda iska ke dukan fuska, don a nan ake asarar lokaci mai yawa, ya ɗan sassauta a gangara. Na'urar auna ƙarfi tana taimakawa, amma ranar da zafi ya yi yawa ko barci bai ishe ka ba, lambar jiya ƙarya za ta yi maka. Dole ka san muryar numfashinka. Ƙwararru kuma sukan zagaya hanyar tun kafin ranar, su haddace kowace kwana, don kowane taɓa birki sakanni ne da sai an sake saye da ƙafa.

In kana so ka gwada, kada ka fara da sayen keken miliyoyi. Riga mai kama jiki maimakon mai kaɗawa, ƙarin sandunan hannu masu araha, sarƙa mai tsabta, sai ka riƙa yin minti goma-goma a duƙe kana ƙarawa a hankali. Ka zaɓi hanyar da ba motoci da sassafe, domin a kan sandunan nan hannunka ya yi nisa da birki. Kuma ido ya tsaya a gaba ko da wuya na ciwo: Stefan Küng, ƙwararre ne na gaske, ya sunkuyar da kai a gasar Turai ta 2023 ya afka wa shingen gefen hanya da rana tsaka, a titin da aka rufe dominsa. Namu titunan da ramuka da awaki ba a rufe wa kowa su.