Tudun ne ya girma ko ma'aunin ne ya yaudare ka? Amsoshin tambayoyinku kan IGV da UCSC, manhajojin kallon bayanan DNA

Tambaya: Malam na loda fayil ɗin bigWig a IGV amma layin ya kwanta shafal kamar babu komai a ciki. Fayil ɗin ne ya lalace?

Amsa: Da wuya. bigWig fayil ne mai ɗauke da ƙima a kan wuraren DNA, IGV ke zana su tudu-tudu. Kalli ƙananan lambobin da ke saman layin ta gefen hagu, in ka ga an rubuta 0 zuwa 5000 alhali ƙimomin da ke fayil ɗinka ba su wuce 8 ko 10 ba, to suna nan, silin ne ya yi musu nisa. Danna dama a kan layin, taɓa Autoscale ka ga inda suka tsaya, sannan ka sa naka iyakokin. Ka kuma tabbata jinom ɗin (cikakken jerin harufan DNA) da ka zaɓa shi ne wanda aka jera bayanan a kai, sigogin jinom ɗin ɗan'adam hg19 na 2009 da hg38 na 2013 lambobin wurarensu ba ɗaya ba ne.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina da samfur biyu na ChIP-seq (gwajin gano inda furotin ke mannewa a DNA), ɗaya an sa wa ƙwayoyin magani ɗaya ba a sa ba. Lissafi ya ce akwai bambanci babba a wani jin (gene, yankin DNA mai ɗauke da gado), amma da na buɗe su a IGV tsayin tudun iri ɗaya ne sak. Wanne zan yarda da shi? Ai gani ya kori ji.

Amsa: 'Yar'uwa gani yana korar ji ne in an san me ake kallo. Wannan tambayar ita ce take tayar min da hawan jini, don ba ke kaɗai ba ce, har waɗanda suka daɗe a harkar suna yin ta kuma su sa hoton a allo a gaban jama'a ba ko kunya. Koma ki duba lambobin gefen kowane layi. Ina da yaƙinin na sama yana cewa wani abu kamar 0 zuwa 40, na ƙasa kuma 0 zuwa 400. Aikin Autoscale shi ne ya nemo ƙima mafi girma a yankin da ke kan allonki a wannan lokacin ya miƙe ta har ta taɓa saman layin, kuma kowane layi yana yi masa nasa daban, bai damu da maƙwabcinsa ba. Kamar ki ɗauki hoton jariri ya cika fuskar waya, ki ɗauki na babansa shi ma ya cika, sannan ki ce tsayinsu ɗaya. Abin haushin ma, da kin ja allon gefe kaɗan wani tudu mai tsawo ya shigo sai ma'aunin ya sake canzawa, tudun da kike alfahari da shi ɗazu ya koma ɗan ƙurji.

Gyaran ba wani abu ba ne. Ki zaɓi layukan biyu tare, danna dama, sai ko dai Group Autoscale, wanda zai ɗaure su a ma'auni guda, ko kuma Set Data Range ki rubuta ƙasa 0 sama 400 da hannunki. Ni na biyun nake so, kuma shi nake tilasta wa duk wanda ya zauna kusa da ni, saboda lambar da ka rubuta da kanka ba ta motsi sai ka motsa ta. Masu amfani da shafin UCSC su shiga saitin layin, wajen Data view scaling su zaɓi wanda ke bin iyakokin da aka rubuta, ko tun a layin track, wato layin bayanin da ake loda fayil ɗin da shi, su sa autoScale=off viewLimits=0:400 su huta.

Amma tsaya, kar ki yi saurin murna. Daidaita ma'auni ba zai cece ki ba in lambobin da ke ciki ɗanye ne. A ce injin ya karanto guntayen DNA miliyan 20 a samfur na farko, miliyan 60 a na biyu, to ko maganin bai yi komai ba na biyun zai fi tsawo kusan ninki uku a ko'ina, ke kuma ki tafi kina shelar kin gano sabon abu. Dole a fara daidaita yawan karatun tukuna. Da deepTools, tarin manhajojin sarrafa irin waɗannan bayanai, abu ne mai sauƙi, umarnin bamCoverage da --normalizeUsing CPM zai mai da komai zuwa ƙidaya a cikin kowane miliyan, ya fitar miki da bigWig, waɗannan ne za ki jera ki kwatanta, ba layin toka-toka da IGV ke ɗorawa a kan fayil ɗin BAM (na ɗanyen karatun da aka jera) ba. Kuma ki sa layin input (samfurin kwatanci da ba a ware wani furotin a cikinsa ba) a ƙasansu a ma'auni guda, in shi ma yana da tudu a wurin to magana ta canza.

Sai ɗaya ɓangaren, masu wayo. Akwai waɗanda suka san duk wannan sarai, sai su sauke silin zuwa 5 don hayaniyar da ba ta da ma'ana ta tashi ta yi kama da tudu, ko su fara ƙasan daga 30 maimakon sifili don bambancin 35 da 40 ya zama kamar ninki biyu, sannan wajen yanke hoton su yanke lambobin gefen. Haba jama'a. Duk hoton da na gani babu lambobin ma'auni a jikinsa ba na ɓata lokacina a kai. Ƙasa ya zama sifili in dai ƙimomin ba sa sauka ƙasa da shi, UCSC ma yana da alwaysZero=on don haka. In kika ga kan tudu ya yi shafe kamar an datse shi, silin ne ya yanke shi, ki ɗaga, ko ki faɗa a bayanin hoton cewa da gangan kika datse.

Don haka ki yarda da lissafin, ki gyara hoton ya bi shi.

Tambaya: Wani tudu guda ɗaya ya kai 9000 ya danne sauran duka, ba na ganin komai. In sa log?

Amsa: Sa, amma ka san me ka saya: ma'aunin log yana matse manyan ƙimomi ne. UCSC yana amfani da ln(1+x) don kar sifili ya jawo rigima, to ƙima 10 za ta zama kusan 2.4, ƙima 1000 kuma kusan 6.9, wato bambancin ninki ɗari zai bayyana a ido ƙasa da ninki uku. Ka rubuta a hoton cewa log ne. Kafin nan ma ka bincika ko wannan ƙaton tudun yana cikin jerin wuraren da aikin binciken jinom na ENCODE ya ware a matsayin masu ba da siginar ƙarya, da yawansu wurare ne masu maimaita harufa. In yana ciki, cire shi kawai ka bar log ɗin.

Tambaya: In na matso kusa tudun yana nan da tsayinsa, in na ja baya na kalli babban yanki sai ya ɓace. Aljanu ne?

Amsa: Lissafi ne ɗan'uwa. Allo mai fiksel 1000 a faɗi yana nuna harufa miliyan 10, kowane fiksel ya haɗiye harufa 10,000 ke nan, tudunka kuma faɗinsa wataƙila 300. In manhajar tana ɗaukar matsakaici ne sai ya narke cikin sifilan da ke kewaye da shi. Nemo Windowing function ka mai da shi Maximum. Ka dai tuna a wannan yanayin ko ƙaramar hayaniya za ta miƙe tsaye ita ma.

Tambaya: Kullum na rufe IGV sai duk saitin ma'aunin ya tafi, in sake daga farko.

Amsa: File, Save Session. Zai ajiye maka ɗan fayil na XML da layukan da iyakokinsu. Kar dai ka kwashe fayilolin bayanan daga inda suke sannan ka dawo kana kuka.

Tambaya: Zan iya yin duk wannan a waya?

Amsa: Shafin UCSC zai buɗe a wayarka, ka leƙa jin ɗin da kake nema ka rufe. Saita ma'aunin layuka shida da babban yatsa kuwa, Allah ya ba ka haƙuri, nemi kwamfuta.