Nonon bai ƙafe ba, ƙanwata, laushi kawai ya yi

Wa alaikumus salam. Barka da jego, Allah ya raya mana shi. Tun da asuba na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce yaron satinsa bakwai, nonon da a da yake cika har ya jiƙa miki riga yanzu ya yi laushi, shi kuma da zarar la'asar ta yi sai kuka, ya kama ya saki, ya sake nema. Surukarki ta ce ruwan ne ya ƙafe, a fara ba shi ruwa da madarar gwangwani tunda ga zafi, ke kuma kina neman abin da za ki ci ya ƙaro nono kafin ki koma aiki. Na ga 'yan'uwa sun jero miki hulba da zogale da kunun gyaɗa. Duk na sha su, ban raina ko ɗaya ba. Amma ni ta wani wajen zan ɓullo miki, don wannan ramin na taɓa faɗawa cikinsa.

'Ya'yana huɗu. Ta biyun a ƙarshen watan Fabrairu na haife ta, muna zaune a unguwar Yelwa nan cikin Garwa ta Kamaru, ga zafin Maris da Afrilu wanda ya kan haura digiri 40, tabarma ma ƙuna take. Tana cika sati shida ta fara irin kukan da kike faɗa. Hajiya uwar maigidana, Allah ya jiƙanta, ta ce mini, "Ke babba kina ɗirkar ruwa moɗa-moɗa, ki hana jinjira? Alhaki za ki ɗauka." Da cokali biyu na ruwa muka fara da azahar. Bayan kwana uku aka sayo gwangwanin madara da bibiro, abin da mutanen Najeriya ke ce wa fida, wai sau ɗaya kawai da dare don in samu barci. Na kuwa samu barcin. Daga sau ɗaya ya koma uku, don yarinyar ta gane na kwalba zuba yake ba wahala, nawa kuwa sai ta ja. Kafin sati uku, nonon da ake ta cewa ya ƙafe alhali bai ƙafe ba, ya ƙafe da gaske. In matsa in matsa, ɗigo biyu. Sai ga gudawa, idanu suka faɗa, muka kwana a asibiti.

Can na haɗu da wata dattijuwar ungozoma, Bafulatana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, kin taɓa ganin an tatsi saniya ba a fara sako mata ɗan maraƙi ba?" Na ce a'a. Ta ce to ke ma haka jikinki yake, bakin yaro ne ke kiran nono. Duk tsotson da ya yi saƙo ne ga jiki cewa a ƙara. Idan nono ya daɗe a cike ba a zuƙe shi ba, jiki sai ya ɗauka an ƙoshi, ya rage. Cokalin ruwan nan da kwalbar dare, kowanne gurbin tsotso ɗaya ya cinye, jikina kuma ya bi lissafi. Ta ƙara da cewa sinadarin da ke haɗa nono, furolaktin suke ce masa, da dare ya fi yawa a jiki, to ni kuma shayarwar daren ce na fara yankewa. Ka ji mai neman barci.

Yadda ta sa na dawo da shi ba wani magani a ciki. Na ajiye keken ɗinki, na shige ɗaki. Yarinya daga ita sai ƙyallen gindi, ni ma na tuɓe riga, tana kwance a ƙirjina. Duk awa biyu in sa ta, ko ta nema ko ba ta nema ba, dare da rana. Madarar ba a yanke ta lokaci ɗaya ba, don kada ta zauna da yunwa. An daina kwalba, aka koma ƙaramin kofi da cokali, kuma sai ta gama shan nawa tukuna. Kwanakin farko kuka muke mu biyu, ta ture nonon, ni in ji kamar in haƙura. Wajen kwana na shida na ji wani tsam-tsam a ƙirji tana cikin sha, ɗayan ya fara ɗiga da kansa. Sai da muka yi kusan sati uku kafin na ajiye gwangwani, ta kuma sha har shekara biyu cif, kamar yadda ya zo a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara.

Yanzu mu zo kan naki. Laushin nono a tsakanin sati shida zuwa wata uku ba ƙafewa ba ne. Da farko jiki bai san yawan da yaro ke buƙata ba, shi ya sa yake yi har ya yi ambaliya. Daga baya sai ya daidaita da cikin yaron, kumburin ya sauka, ɗigar ta tsaya. Kukan yamma kuma yawancin jarirai suna yinsa a daidai wannan lokaci, kuma wajen sati shida akwai 'yan kwanakin da yaro ke ƙara girma, ya manne miki kamar kaska. Ba yunwar rashin nono ba ce, ƙari yake nema wa kansa, in kin bar shi ya sha cikin kwana biyu zuwa uku jiki ya cim masa. Jariri kamar naki ya sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Kada ki auna da taɓa nono, kada ki auna da matsawa, don bakin yaro ya fi hannunki iya fitar da shi. Ƙyallayensa za ki ƙirga. In yana jiƙa shida ko fiye a yini da dare, fitsarin fari-fari ba ja ba, yana da kuzari in ya farka, to yana samu. Sannan ga rigakafin sati 10 da na sati 14 na tafe, ki sa su ɗora shi a sikeli su rubuta a katinsa, ki kwatanta da awon sati 6. Sikeli ba ya son kai. Amma in fitsarin ya yi ƙaranci ya yi duhu, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laƙwas ba ya iya tsotso, ko jikinsa da zafi, ko awo ya nuna ba ya ƙaruwa, ki bar mu nan da surutunmu ki nufi asibiti a ranar. Akwai matan da nononsu da gaske bai wadatar ba, kuma ƙara wa yaro madara bisa shawarar likita ba abin kunya ba ne.

Batun ruwa, kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Na farkon da ke fita tsinkakke shi ke kashe ƙishirwa, na ƙarshen mai maiƙo shi ke riƙe ciki, don haka ki bar shi ya gama da ɗaya har ya saki da kansa kafin ki juya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi, kuma da ƙasashe masu zafi irin tamu a cikin maganar. Ruwan da Hajiyarku ke son a ba shi, ke za ki sha, ya iso masa a tace. Ni da na uku da na huɗu, buta nake ajiyewa gefen katifa, duk zaman shayarwa kofi guda.

Ki duba kamun bakinsa kuma, don yaro na iya wuni a nono bai sha abin kirki ba. Cikinsa ya manne da naki, kada ya zama yana kallon rufi wuyansa a murɗe. Ki shafa masa kan nono a leɓen sama, ki jira ya wage baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya lanƙwaso waje, baƙin da'irar nan da ke kewaye da kan nono mafi yawansa ya shige baki. Za ki ga kumatu a cike, ki ji haɗiya ƙut, ƙut. In kina jin zafi har kina cije leɓe, ko kan nonon ya fito a matse ya tsattsage, kamun ne bai yi ba. Sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki cire, ki sake.

Abinci kuwa, ki ci ki ƙoshi, iyakar maganar ke nan. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kamar kwano guda a kan abin da ta saba ci. Kunun gyaɗa da gero, wake, ƙwai, kindirmo, miyar zogale ko tafasa, kifin madatsar ruwa ta Lagdo in ya samu. Hulba wasu ta karɓe su, ni dai warinta kawai na gani a gumina. Kunun kanwa ne zan ce ki sassauta masa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya da kumburi a jikin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. In ƙafa ta fara kumbura ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, a duba ki.

Abu biyu da ba ki ambata ba. In an ba ki ƙwayar tazarar haihuwa, ki koma ki tabbatar sun san kina shayarwa, don mai haɗe da sinadarin istirojin tana iya rage nono, akwai wadda ta dace da mai goyo. Sabon ciki ma yana rage shi, sai dai a sati bakwai ban zaci shi ne ba.

Aiki kuma, in a hannun kamfani ko wani mai biyan albashi kike, dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba ki hutun haihuwa na sati 14, da kuma har awa ɗaya kullum ta shayarwa har yaro ya kai wata 15. Ki nemi abinki. Sati biyu kafin ki koma ki fara koyon matsa da hannu cikin kofi mai murfi da aka tafasa. A firji yana kai kwana huɗu, in wuta ta zauna. A ɗaki an ce awa huɗu, amma wannan lissafin wuri mai sanyi ne, a zafin nan namu ni ba na barinsa ya kai haka. A ba shi da kofi ko cokali, ke kuma ki matse a wurin aiki ko sau biyu ne, in kin dawo ki sake masa ya rama, har cikin dare.

Surukarki kada ki yi musu da ita, tausayin jikanta ne. Ni dabarar da na yi daga baya ita ce na roƙi Hajiya ta raka ni awo, ta ji daga bakin ungozoma, ta ga allurar sikeli da idonta. Daga ranar ita ke korar masu zuwa barka da cokalin ruwa a hannu.

Ki fara ƙirga ƙyallayen daga gobe da safe zuwa jibi da safe, ki dawo ki faɗa mini nawa kika samu, da nauyinsa na haihuwa da na sati shida in suna cikin katin.