Ango, kada sabon fenti ya ruɗe ka

Wa'alaikumus salam ango. Ka ce ka samu gida ɗaki biyu da falo, sabon fenti, silin na POP, dillali yana ta azalzalarka ka biya kafin wani ya riga ka, kai kuma kana son sanin yadda za ka gane ko yana yoyo alhali muna tsakiyar hunturu. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don labarina ne sak.

Rufin wane iri ne tukuna? In irin na yayi ne da ake ɗaga bango a ɓoye kwanon, to sai ka buɗe ido sosai. Duk ruwan da ya sauka a kan rufin yana gangarowa cikin wata kwatar siminti da ke bayan bangon, daga nan ya bi bututu ya sauka ƙasa. Ƙurar hunturu, leda, ganyen darbejiya, sheƙar tattabaru, duk nan suke taruwa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi bututu ya toshe, kwata ta cika, ruwan ba shi da wajen zuwa sai ya koma baya ta ƙarƙashin kwano ya zauna a kan silin.

Irinsa na kama a nan Kano da zan yi aure. Yuni da Yuli muka wuce lafiya, sai ɗan tabo a kusurwar falo, na kira dillali ya ce gumin siminti ne, zai bushe. Gumin siminti fa! Sai ga markar Agusta. Cikin dare muka ji ƙara kamar an yi hatsarin mota a falo. Shi POP ba lallai ya yi maka ɗigo ka tara bokiti ba, shanye ruwan yake yi yana nauyi, in ya gaji ya zubo gaba ɗaya. A kan kujerun amarya ya faɗo, kujerun da mahaifinta ya sayar da gona ya yi mata. Talabijin ta tafi, kafet ya tafi, ruwa yana zubowa ta ramin ƙwan lantarki, ni ina lalube cikin duhu ina neman inda zan kashe wuta. Ita kuma ga ciki, tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki rungume da akwatin lefe tana kuka ba sauti. Da a falon muka kwana saboda zafi kamar yadda muka saba, da yanzu wani zancen ake yi.

Da gari ya waye na je wajen dillalin nan. Mutumin da ya rantse min da Allah cewa ko ɗigo gidan bai taɓa yi ba, ya dube ni ya ce, "Malam, ai ruwan bana ne ya yi yawa, kowa ma ya taɓu." Na ce a haɗa ni da mai gida, ya ce Alhaji ba ya gari. Na kira wakilin Alhaji, ya ce da hannuna na karɓi makulli, gida lafiya lau aka ba ni, kuma in ma an bi ta gaskiya ni zan gyara silin. Daga baya mai shagon ƙofar gida yake gaya min wanda ya zauna kafin ni saboda yoyon ya tashi, aka zo aka shafe tabon da fenti aka sa gida a kasuwa. Dillalin ya sani sarai, shi ya kawo mai fentin. Har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a shi yake fara miƙo min hannu. Na bar shi da Allah. Kunyar da na ji ranar da surukata ta zo ganin kayan kuwa ba ta faɗuwa.

To ka ga, tun kafin ka hau ko'ina, tambayi maƙwabta. Mai shago, mai shayi, matan layin ta hanyar ƙanwarka ko yayarka. Su suka san inda ruwa yake kwanciya a layin da kuma dalilin tashin ɗan hayar baya.

Sannan ka yi wa gidan daminarka da kanka. Nemi kafinta naka, ba wanda dillali zai kawo ba. In akwai tanki a ja tiyo, in babu ka sayi kura guda ko biyu wajen 'yan garuwa. Mutum ɗaya a sama yana zuba ruwa, ɗaya ya leƙa cikin silin da tocila ta ƙofar da ake bari. Daga ƙasan rufin za a fara a yi sama sannu a hankali, kowane waje a ɗan jima a kai, don in aka fara daga ƙololuwa ruwan zai jiƙa ko'ina ba za a gane ta inda ya shiga ba. Ita kwatar simintin a toshe bakin bututunta da tsumma, a cika ta, a bar ta ta kwana, washegari a duba silin da bangon da ke ƙarƙashinta. In gida ne mai rufin kankare, wato dakin, shi ma haka, a tare ruwa a kai awa 24 zuwa 48. Da rana tsaka kuma wanda ke cikin silin ya kashe tocila, inda haske ya ratso ta jikin kwanon to ruwa ma zai iya ratsowa. Katakon da ya yi baƙi ko ya yi zane-zanen ruwa ba a iya ɓoye shi, don babu mai shiga can da fenti. A duba ƙusoshi, a kan tudun kwano ya kamata a buga su da robarsu, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Bangon gabas kada ka manta da shi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, ruwan a karkace yake dukan bango da taga. Watsa wa tagogin wannan ɓangaren ruwa da ƙarfi, ka shiga ciki ka shafa ƙasan tagar da hannu. Ka rufe ɗaki na ɗan lokaci sannan ka shiga ka shaƙa, warin fumfuna ba ya ɓuya. Gindin bango in fenti yana kumbura ko yana fitar da farin gari kamar kanwa, wannan danshi ne daga ƙasa yake hawowa, gyaran rufi ba ya maganinsa, kuma shi ne ke cinye bayan wadirof. Ka kuma duba ko daɓen gidan ya fi titi tudu.

  

In dillali ya hana ka zuba ruwa, ya ce Alhaji ba ya son a hau masa rufi, ka ɗauki takalminka ka tafi, gidaje ba su ƙare ba. In kuwa ya yarda kuma ka biya, a rubuta a takarda da shaidu cewa gyaran rufi da silin na mai gida ne, kuma in ka gyara za a cire a kuɗin haya. Ni baki da baki muka yi, kuɗin silin ɗin nan har yau ban ga ko sisi ba. Ka ɗauko hoton rufin daga waje da na kusurwoyin falon ka turo mu gani. Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar lafiya.