Aiki da karatun NP a Amurka

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya riƙe cikakken aikinki na nas kina karatun NP (Nurse Practitioner, wato nas mai ƙarin karatu da ke duba marasa lafiya har ta rubuta musu magani). Da farko dai zai yiwu tunda darussa ne kawai, amma da an fara koyon aiki a asibiti labari ya canza, awa 500 ne mafi ƙaranci, kuma mai koya miki yawanci Litinin zuwa Juma'a yake aiki da rana. Tun yanzu ki nemi a maida ke diyutin Asabar da Lahadi. Don Allah kar ki tashi daga aikin dare na awa 12 ki zarce ganin marasa lafiya, gajiya na jawo kuskuren magani. Kafin ki rage awanni kuma ki bincika ko inshorar lafiyarki ta wurin aiki za ta ɗore.