Ciwon ƙirji da kafaɗa da ya ƙi tafiya

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wata uku ke nan ƙirji na damunka, ciwon ya hau kafaɗa ya sauka tsakanin allunan kafaɗunka, an yi gwajin zuciya da hoton ƙirji an ce lafiya lau, shin ko tsoka ce. Za ta iya zama ita ce ƙwarai. Ni tela ne, na sha wannan wahala kusan shekara guda.

Nawa a ɗinkin Sallah ya faro. Daga isha'i ina duƙe a kan keke har kiran assalatu. Na ɗauka zuciya ce, har na fara yi wa maiɗakina lissafin bashin da ake bina. Sai da aka tura ni wurin likitan fisiyo, wato mai duba matsalar tsoka da gaɓoɓi. Ya sa babban yatsa ƙasan ƙashin wuyana ya danna, na zabura kamar an tsikare ni da allura. Ya ce ga ɓarawon nan. Akwai wata ƙaramar tsoka a ƙirji, daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5 take tashi ta kama gaban allon kafaɗa. In mutum ya yawaita duƙawa sai ta ƙanƙance, ta riƙa janyo kafaɗa gaba. Tsokokin baya kuma su wuni a miƙe suna ja-in-ja da ita, ga kai mai nauyin kusan kilo 5 ya rataya gaba. Daga nan sai su ɗaure, ka ji kulli-kulli.

Alamar ciwon tsoka, za ka iya nuna wurin da yatsa ɗaya, kuma yana ƙaruwa in ka juya, ka ɗaga hannu ko ka ja dogon numfashi. Wani kuma guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ke kumbura, shi ma dannawa ke tono shi.

Abin da ya yi min aiki: in tsaya bakin ƙofa, in dafa gefe da gefe, in tura ƙirji gaba na daƙiƙa 30, sau uku a rana. Gashi da tsumma da ruwan ɗumi da dare. Ƙwallon tanis tsakanin bayana da bango. Na kuma gyara tsayin kujerata, ina tashi duk rabin awa. Wajen mako shida na fara jin daidai. Maganin kashe ciwo na Diclofenac kuwa na sha shi kamar gyaɗa, olsa kawai ya tayar min, kada ka biye min.

Amma fa in ka ji ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, musamman in kana tafiya ko hawa bene, ga zufa, numfashi na sarƙewa, ciwon na bin muƙamuƙi ko hannun hagu, kada ka tsaya gashi. Asibiti nan take, ko da gwajin baya ya fito lafiya.

Wace sana'a kake yi, kuma ta wane ɓangare kake kwanciya?