Me Ya Sa Makarantar Gando Ba Ta Zafi Duk da Rufin Kwano?

Tambaya: Na ji an ba Francis Kéré babbar lambar yabon masu zanen gine-gine, kuma da makarantar ginin ƙasa mai rufin kwano ya yi suna. To kwano ai zafi yake tarawa. Ina dabarar take?

Amsa: Lambar Pritzker ce, Malam, wadda aka fara bayarwa a 1979. Kéré, ɗan Burkina Faso, ya same ta a 2022, shi ne ɗan Afirka na farko. Makarantar firamaren kuwa a ƙauyensu Gando take, an gama ta a 2001, ta kuma ci lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 2004.

Dabarar tana sama. Rufi biyu ne. Na ƙasa silin ne na tubalin ƙasa mai ƙananan kafofi, na saman kuma kwano ne da aka ɗage can sama a kan ƙarafan rodi da aka yi wa walda. Tsakaninsu fili ne buɗe ta kowane ɓangare. Rana ta gasa kwano, iskar da ke ƙarƙashinsa ta yi zafi ta tashi, sai iskar waje ta kwashe ta. Zafin cikin aji shi ma ya bi kafofin silin ya fita, iska mai sanyi ta shigo ta tagogi. Ka tsaya a gefen ginin, za ka hango sararin sama ta tsakanin bango da kwano. Mai kwaikwayon da ya toshe wannan tazarar da bulo, wai don kada tsuntsaye su shiga, ya kashe aikin gaba ɗaya; raga ake sakawa.

Tubalin ma ba na cura da hannu ba ne. Ana tankaɗe ƙasa, a haɗa da siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a irin wannan tubali, a yayyafa ruwa har ta riƙa dunƙulewa ba ta jiƙa hannu ba, sannan a matse a inji. Daga nan a lulluɓe da leda a inuwa, a bar shi kusan mako 4. Aka shanya shi a rana tun ranar farko, simintin ba ya kamawa, gefuna su riƙa marmashewa. Ƙasa mai yumɓu da yawa tsagewa take yi, sai an ƙara mata yashi.

Abokin gabar bangon ƙasa ruwa ne. Shi ya sa kwanon Gando ya zarce bango sosai, aka kuma ɗora ginin a kan harsashi mai tudu don kada fantsamar ruwan sama ta ci gindinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yi wa irin bangon nan filasta mai kauri ta siminti: damshi ya maƙale a ciki, bayan 'yan damuna filastar ta ɓantare ta ɗebo fuskar tubalin.