Amsoshin tambayoyinku: kafin a haɗa na'urori su riƙe rumbun bayanai ɗaya

Malam, na samu tsofaffin sabar guda uku 'yan gwanjo a farashi mai sauƙi. MongoDB, manhajar rumbun bayanai, nake son ɗorawa. In biya? Daga Kano.

Kada ka biya sai an kunna su a gabanka. Tun daga siga ta 5.0, MongoDB ba ya tashi a kan furosesar da ba ta da AVX, wani rukunin umarnin lissafi da ake ginawa a cikin furosesa, kuma Intel bai fara saka shi ba sai 2011. Je da filashi mai Linux, ka tayar da kowace na'ura da shi, ka buga `grep avx /proc/cpuinfo`. In allo ya dawo wayam, bar masa kayansa. Ukun duka za ka gwada, don mai kaya yakan kunna maka ta kirkin ya ce sauran ma haka suke, kuma takardar da aka manna a jikin akwati ba shaida ba ce. Wani zai ce ka ɗora tsohuwar siga 4.4 kawai, tunda ita ba ta neman AVX. An daina yi wa wannan sigar gyaran tsaro tun Fabrairun 2024. Araha ba ta ado.

Ranka ya daɗe, ina cikin damuwa. Muna da na'urori biyu masu Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux, da rumbun bayanai na MariaDB, Galera kuma ita ke haɗa su su riƙe bayanai iri ɗaya. Na sa maigidana ya sayi ta uku, na ɗora mata Ubuntu 22.04, amma ta ƙi shiga cikinsu. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ko na'urar ce jabu? Daga Kaduna.

Kwantar da hankalinka, ɗana. Na'urarka lafiyarta ƙalau, kuɗin maigidanka bai faɗa ruwa ba. Ubuntu 20.04 da MariaDB 10.3 yake zuwa, wanda ke aiki da Galera 3. Shi kuwa 22.04 da 10.6 yake zuwa, mai Galera 4. Umarni iri ɗaya ka buga a wuraren biyu, amma kaya daban aka sauke maka. Sabuwar na'ura in za ta shiga gungu, wato na'urorin da aka haɗa suna aiki tare, sai ɗaya daga cikin tsofaffin ta kwafa mata bayanan gaba ɗaya, kuma mariabackup, manhajar da ke wannan kwafin, na 10.6 ba a yi shi don ya shirya kwafin da na 10.3 ya ɗauka ba. A nan aikin yake cijewa.

Kada ka tsaya neman dabarar da za ka cusa ta da ƙarfi. 10.3 ya daina samun gyara tun Mayun 2023, ba wurin zama ba ne. Mayar da sabuwar na'urar ta zama tushen sabon gungu a kan MariaDB 10.11, wanda ke da tallafi har Fabrairun 2028. Fitar da bayanai daga tsohon gungun zuwa fayil da umarnin mysqldump, ka zuba mata, ku gwada manhajar ofis a kanta na 'yan kwanaki. In komai ya tafi daidai, ku zaɓi daren Asabar da ba kowa a bakin aiki, ku tsayar da shigar da bayanai, ku sake kwafa na ƙarshe. Daga nan sai ka goge tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora musu daidai abin da ke kan sabuwar. Ta ƙarshen kada ka taɓa ta sai ka tabbata kwafin ajiyarka yana buɗewa.

Bari in tsaya a nan in yi magana da kowa, don abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai yi kwana biyu yana cinikin RAM, ya kira Legas ya kira Farm Centre a kan bambancin 'yan dubbai, amma ba zai ba da minti goma ya rubuta lambobin sigar da zai ɗora ba. Sai ya buɗe bidiyon YouTube na shekara biyar baya, ya kwafi umarni, duk abin da ya sauko ya karɓa. Masu Docker, manhajar da ke sauke wasu manhajoji a ƙunshe, kuma su rubuta `latest`, wato a ba su ta baya-bayan nan, su tafi shan shayi. Wanda ka sauke a watan Azumi da wanda ka sauke bayan Babbar Salla, sunansu ɗaya, cikinsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Gungu kamar shanun huɗa ne: in ka haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya, kunya ba za ta miƙe ba. In kuma hayar na'urorin kuke yi a intanet, duk sa'ar da kuka ɓata kuna laluben matsalar da dala ake caje ku, kun kuwa san yadda dala take.

Kafin a fitar da ko kobo, a ɗauki takarda a rubuta sigar Linux, sigar rumbun bayanai har lambarta ta uku, sigar Galera, da ta manhajar kwafin ajiya. A liƙa ta a jikin ma'ajiyar na'urorin. A kan kowace na'ura a buga `SELECT VERSION();` a kuma duba `wsrep_provider_version`, amsa ta fito iri ɗaya sak. Sannan a ɗaure sigogin da `apt-mark hold` don kada su sauya, domin Ubuntu yakan sauke gyaran tsaro da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Ɗaurewar ba ta nufin an bar sabuntawa har abada. Ku za ku zaɓi rana, ku bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ku gama a zama guda. Gungun da aka bari rabi sabo rabi tsoho na makonni, ni ba zan ajiye albashin mutane a cikinsa ba.

Dole ne sai uku? Biyu ba za su isa ba, mu rage kashe kuɗi? Daga Zariya.

Ba za su isa ba, kuma wannan yana cikin bayanin Galera ga duk wanda ya buɗe. Da rinjaye gungun yake aiki. In biyu ne, wuta ta ɗauke wa ɗaya ba zato, wadda ta rage rabi ce, rabi kuwa ba rinjaye ba ne, sai ta daina amsa tambaya. Ka sayi biyu, ka samu amfanin ɗaya. In aljihu bai kai ba, ɗora garbd, ɗan raba gardama na Galera, a kan ƙaramar na'ura ta uku. Ƙuri'a kawai yake kaɗawa, ba ya ajiye bayanai. Shi ma ka ɗauko na Galera 4 in ita kake amfani da ita. Kuma kada ka jona su duka a inbata ɗaya.

Malam, rumbun bayananmu na PostgreSQL siga ɗaya ce a na'urori biyu, na duba sau da dama. Amma in na nemi wasu sunayen ɗalibai a ta biyun ba sa fitowa, alhali suna ta farkon. Ina tsoron na ɓatar da bayanan makaranta. Wata ma'aikaciya daga Sakkwato.

Ƙanwata, kin yi kyan kai da kika lura, da yawa ba sa ganin wannan sai ranar da babbar na'urar ta mutu. Ina kyautata zaton sunayen suna nan. Buga `ldd --version` a kan kowacce. PostgreSQL ya saba dogara da glibc, wani ɓangaren tushe na Linux, wajen jera kalmomi, kuma a 2018 sigar 2.28 ta sauya tsarin jerin, har da yadda ake ɗaukar alamomin rubutu, waɗanda sunayenmu ke cike da su. Ubuntu 18.04 yana ƙasa da wannan iyaka, 20.04 yana samanta. Haka Debian 9 da 10. Fihirisar da aka gina da tsohon jeri, in aka karanta ta da sabo, sai a nemi suna a inda ba ya nan. In lambobin da `ldd` ya nuna sun sha bamban, daina fitar da rahoto daga ta biyun yau ɗin nan. Ɗora mata Linux irin na ta farkon, ki sake kwafo bayanan daga tushe. Ranar da za ku ɗaga duka biyun zuwa sabon Linux, ki sa `REINDEX`, umarnin sake gina fihirisa, cikin aikin ranar kafin a buɗe wa malamai.

Sabuwar siga ta fito jiya. In fara aikina da ita? Daga Maraɗi.

A'a. Ɗauki mai tallafi na dogon zango, wadda ta riga ta samu gyara biyu ko uku bayan fitowarta. Ta jiyan ka gwada ta a kwamfutarka ta gida.